NANA ASMA'U 'YAR SHEHU, MALAMAR DA TA ƊAUKAKA MALAMAN KARKARA

Duk wanda ya fita daga birnin Kano ya bi hanyar Ɗambatta ko ta Bichi, ko kuwa ya ratsa ƙasar Dawakin Tofa da Minjibir da Kunchi, zai ga ƙauyuka kusa da juna, gona tana manne da gona, ga ɗorawa da gawo da kuka tsaitsaye cikin gero da dawa. In ya kasa kunne da asuba ko bayan magariba, da wuya ya wuce unguwa guda bai ji tashin karatu ba, ko dai daga zauren malamin allo, ko daga ajin Islamiyya wanda mutanen gari suka gina da guminsu, ko kuma daga cikin gida, inda wata dattijuwa ta tara matan aure tana biya musu. Waɗannan malamai su ne suka fara buɗe idon yawancinmu. Amma idan ran 5 ga watan Oktoba ta zagayo, watau ranar da aka keɓe wa malaman duniya tun 1994, aka shiga rabon lambobin yabo a manyan birane, ba safai ake tunawa da su ba.

Saboda haka ne yau muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu tarihin wata baiwar Allah wadda ta rasu shekara 160 da 'yan kai da suka wuce, wadda ta san darajar malamin ƙauye, ta girmama shi a bainar jama'a tun yana raye, ta kuma tabbatar da sunansa a rubuce bayan ransa. Ita ce Nana Asma'u, 'yar Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansu da rahama.

HAIHUWARTA DA TASOWARTA

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel ta ƙasar Gobir cikin 1793. Sunan mahaifiyarta Maimuna. Tagwaye aka haife su ita da ɗan'uwanta Hassan, amma maimakon a raɗa mata sunan da aka saba raɗa wa tagwaye, sai Shehu ya sa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai guzuri kogo lokacin Hijirar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, ta tashi a hannun sauran matan Shehu, musamman A'ishatu da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello.

Gidan da ta buɗe ido a ciki gida ne wanda karatun mata ba baƙon abu ba ne a cikinsa. Mahaifiyar Shehu, Hauwa'u, da kakarsa Ruƙayya duk mata ne masu ilmi. Yayar Asma'u kuwa, Hadizatu, malama ce wadda ta juya littafin fikihu na Muhtasar zuwa Fillanci. Shi kansa Shehu, a cikin littafinsa Nurul Albabi, ya soki malaman da ke tara almajirai a waje suna karantar da su, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. Tun kafin a haifi Asma'u ma an yi muhawara a kan haka, sa'ad da wani malamin Barno mai suna Mustafa Gwani ya nemi Shehu ya hana mata zuwa wurin wa'azinsa. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya ba shi amsa, ya nuna masa cewa barin mata cikin jahilci ya fi zuwansu majalisi muni, muddin dai an keɓe musu wurin zamansu.

A cikin wannan hali Asma'u ta ɗauki allo. Ta haddace Alƙur'ani, ta shiga littattafan tauhidi da fikihu da hadisi da tarihin Annabi da sufanci bisa ɗariƙar Ƙadiriyya, wadda ita ce ɗariƙar gidansu. Ta iya Larabci da Fillanci da Hausa, tana rubutu da dukkan ukun, tana kuma jin harshen Buzaye.

HIJIRA DA SHEKARUN WAHALA

Ba ta daɗe cikin kwanciyar hankalin Ɗegel ba. Yawan jama'ar Shehu ya tsorata sarakunan Gobir, har Sarki Nafata ya kafa doka ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata lulluɓi, ya kuma hana kowa wa'azi in ba Shehu kaɗai ba. Da ɗansa Yunfa ya hau gado al'amari ya ƙara tsananta. Ran 21 ga watan Fabrairu 1804 Shehu ya tashi da jama'arsa daga Ɗegel zuwa Gudu. Asma'u tana da shekara 11 ke nan. Wani abin da ta gani da idonta a wannan tafiya shi ne yadda aka kula da littattafan Shehu, aka ɗora su a kan raƙuma da taimakon wani malami Buzu mai suna Agali, a lokacin da mutane ke barin dukiyarsu a baya.

A watan Yuni na shekarar aka gwabza a Tabkin Kwatto, jama'a ta yi nasara. Amma kafin shekara ta ƙare sai ga yaƙin Tsuntsuwa, inda aka yi asarar mutane masu yawa, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Daga nan jama'a ta shiga yawo, ga yunwa ga ciwo, daga Sabon Gari ta ƙasar Zamfara zuwa Gwandu, aka kuma sha wuya ƙwarai a yaƙin Alwasa cikin 1805. Sai a 1808 Alkalawa, babban birnin Gobir, ya faɗi.

Watau dai Asma'u ta yi ƙuruciyarta ne a sansani, cikin mata da yara waɗanda ke jiran labarin wanda ya dawo da wanda bai dawo ba. Ta ga gwauraye, ta ga marayu, ta ga yadda malami guda in ya faɗi, ilmin shekara talatin ke bin sa kabari. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda ta riƙi malamai da hannu biyu daga baya ba.

AURENTA

Wajen 1807 aka ɗaura mata aure da Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello. Bello ya gina Sakkwato cikin 1809, Shehu kuwa ya zauna Sifawa, sa'an nan ya komo Sakkwato a 1815, ya rasu a can ran 20 ga watan Afrilu 1817. Da aka yi wa Bello mubaya'a ya zama Sarkin Musulmi, sai Giɗaɗo ya zama Wazirinsa.

Gidan Waziri a wancan zamani shi ne mararrabar daula. Ta hannun Waziri ake tafiyar da al'amuran Kano da Zazzau da sauran ƙasashen gabas, shi ya sa Giɗaɗo ya riƙa zuwa Kano rangadi. A hannunsa ne kuma Bature ɗan Ingila mai yawon bincike, Kilafaton, ya sauka da ya zo Sakkwato a 1824. Manzanni da malamai da matafiya ba su yankewa a ƙofar gidan. Giɗaɗo kansa malami ne marubuci, shi ne mai littafin Raudul Jinani a kan Shehu. Saboda haka aure bai raba Asma'u da alƙalami ba, ƙara mata fage ya yi. Ta haifa masa 'ya'ya maza, cikinsu har da Abdulƙadir wanda ya gaje shi a sarautar Waziri, sarautar da ta zauna a zuriyarsu.

ALƘALAMINTA

Littafinta na farko da aka sani shi ne Tanbihul Gafilina, wanda ta rubuta da Larabci cikin 1820, tana da shekara 27. Daga nan ba ta ajiye alƙalami ba har ƙarshen ranta, abin da ya iso gare mu na rubuce-rubucenta ya kai kimanin 60, yawancinsu waƙoƙi ne.

Abin lura shi ne yadda take zaɓen harshe gwargwadon wanda take nufi da magana. In da malamai take, sai ta yi Larabci. In da dangi da mutanen gidan Shehu take, sai Fillanci. In kuwa talakawa take son su ji, sai ta yi Hausa da rubutun ajami. A 1831 ta mayar da wata shahararriyar waƙar Shehu daga Fillanci zuwa Hausa, ita ce Tabbat Haƙiƙa, wadda ke gargaɗin masu mulki da talakawa gaba ɗaya a kan zalunci da sakamakonsa, ƙanenta Isa ya yi mata tahamisi. Ta kuma tsara sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baiti 30 kacal, don mai koyo ya riƙe su a ka. Ta yi wannan da Fillanci a 1829, da Hausa a 1838, da Larabci a 1850. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa malama ce wadda ta zauna gaban ɗalibai, ta san inda suke tuntuɓe.

Ta rubuta tarihin jihadi a waƙe, wanda Isa ya juya zuwa Hausa aka san shi da Waƙar Gewaye. Ta yi waƙa a kan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Bello ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye. Ta yi begen Annabi, ta yi wa'azi kamar Goɗaben Gaskiya, ta yi waƙar roƙon ruwa, ta kuma rubuta Tabshirul Ihwani cikin 1839 a kan neman waraka da ayoyi da addu'o'i. Sunanta ya kai nesa, har wani malami daga Shingiɗi ta ƙasar Muritaniya, da ya ratso Sakkwato a kan hanyarsa ta Makka, ya sami baitocin maraba da Larabci daga wurinta.

MATSALAR DA TA TARAR

Yaƙi yana kafa mulki, amma ba ya koya wa mutum alwala. Bayan an ci garuruwa, sai daula ta cika da mata waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu, wasu gwauraye, wasu kamammu da aka shigar gidaje, wasu kuma mazauna ƙauyuka da rugage waɗanda ba su taɓa zama gaban malami ba. Da yawansu bori suka tashi suka tarar, gare shi suke komawa in yaro ya yi zazzaɓi, ko haihuwa ta yi gardama, ko ruwa ya ɗauke. A Gobir kuwa bori yana da shugaba mai ƙarfi, ita ce Inna, 'yar'uwar sarki, wadda mata ke kai wa kukansu.

Asma'u ta gane cewa hani kaɗai ba zai raba mace da abin da take jin shi ne madogararta ba, sai an ba ta abin da ya fi shi. Ta kuma gane cewa waɗannan mata su ne masu renon 'ya'yan da za su gaji daular, in aka bar su a yadda suke, to, aikin Shehu ba zai wuce tsara guda ba. Ga kuma wata wahala. Matar aure mai goyo ba ta da halin barin ɗakinta ta yi tafiyar kwanaki neman ilmi, malami namiji kuma ba shi da halin shiga wurinta. Sai ta nemi hanyar da ilmi zai taka da ƙafarsa ya iske mace a tsakar gidanta.

'YAN TARU DA JAJI

A cikin shekarun 1830 ta kafa tsarin da aka sani da suna 'Yan Taru. Daga kowane gari ko ƙauye akan sami dattijuwa mai hankali da riƙon amana, wadda ta wuce shekarun haihuwa, a ɗora mata shugabancin matan wurin. Ita ake kira jaji, sunan da fatake ke kiran mai ja musu gaba a hanya. Jaji takan tattaro tsofaffi irinta da 'yan mata waɗanda ba su isa aure ba, su kamo hanya a ƙasa har wurin Asma'u, a Sakkwato ko a Wurno, ribaɗin da Bello ya zauna.

In sun iso takan sauke su, ta saurari matsalolinsu da tambayoyin da matan aure suka aiko da su, ta ba da amsa. Takan dafa kan 'yan matan ta yi musu addu'a. Sa'an nan a zauna karatu. Darasin a waƙe yake, gajere, da harshen da suke ji, ya ƙunshi tauhidi da tsarki da salla da azumi, da tarihin Annabi, da haƙƙin miji da na mata da na maƙwabci, da tsoron ranar hisabi. Hikimar abin a fili take. Takarda tana da tsada a lokacin, masu iya karanta ta kuma kaɗan ne, amma waƙa ba ta bukatar jaka, ruwa ba ya jiƙa ta, gara ba ta cin ta. Mace tana kaɗi ko daka ko niƙa tana maimaita darasinta. In ayari ya koma gida, jaji ta bi gida gida tana biya wa matan kulle abin da aka koyo.

Matan ba sa zuwa hannu sake. Sukan kawo sadakar abin da suke da shi, hatsi da zuma da man shanu da zare da ƙyalle. Asma'u kuwa takan rarraba wa makafi da guragu da gwauraye da marayu. Haka nan aikin 'Yan Taru bai tsaya ga karatu ba. Su ne masu karɓar haihuwa, su ne masu wankan gawar mata, su ne masu share masallaci da jinyar marasa lafiya da sulhunta masu husuma. Ta haka ne macen ƙauye ta sami wurin kai kukanta wanda ba gidan bori ba. Mutane kuwa suka riƙa kiran Asma'u Uwar Gari.

MALFA DA JAN RAWANI

A nan ne muka zo ga abin da ya sa muka ɗauko wannan tarihi. Asma'u ba ta bar jaji ta zama 'yar aike kurum ba. Naɗa ta take yi. Takan ɗauko malfa, ta ɗora wa jaji a ka, ta kewaye ta da jan rawani, ta sa mata albarka. Malfa kuwa a Gobir alama ce ta Inna. Watau Asma'u ta ɗauki alamar girman da matan ƙasar suka riga suka sani, suke kuma jin kwarjininta, ta cire ta daga kan shugabar bori ta aza a kan malama.

Mai karatu ya dubi abin da wannan naɗi ke nufi ga tsohuwar da ba ta da sarauta, ba ta da dukiya, watakila ma ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata. Ta fita daga ƙauyensu a matsayin wance, ta komo da malfar 'yar Shehu a kanta. Mai gari ya san da zamanta, magidanci ya buɗe mata ƙofar gidansa, matafiyi ya kauce mata a hanya. Naɗin ya zama shaidar ƙwarewa, ya zama izinin koyarwa, ya kuma zama kariya a kan hanya. Bai ci wa baitulmali kome ba, amma ya ɗaga darajar koyarwa a idon jama'a fiye da yadda kyautar kuɗi za ta yi.

SUNAYEN DA TA HANA SU ƁATA

Hanya ta biyu da ta girmama malamai ita ce ta rubutu. Ambaton malamai al'ada ce a gidansu, gama baffanta Abdullahi ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusuhi, cikin 1812, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu, har da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Asma'u ta faɗaɗa wannan al'ada ta shigar da mata.

Da Bello ya rubuta littafi a kan salihan mata na tarihin Musulunci, sai ya ba ta ta mayar da shi waƙa. Ta yi da Fillanci, sa'an nan a 1837 ta yi da Hausa, ita ce Tawassuli Ga Mata Masu Albarka. A ciki ta ambaci matan Annabi da 'ya'yansa, da irin su Rabi'atul Adawiyya ta Basra da Nafisatu ta Masar, sa'an nan ta zo da matan jama'ar Shehu waɗanda ta sani ido da ido, irin su Habiba mai karantar da mata, da Joɗa masaniyar Alƙur'ani, da 'Yar Hindu mai raba gardama. Ta jera su sahu ɗaya da waɗancan manya, don ɗaliba ta san cewa malamar unguwarsu tana da silsila mai tsawo a bayanta.

Haka kuma waƙoƙinta na alhini. Ta yi wa manya, kamar Abdullahi na Gwandu, da Bello wanda ya rasu a Wurno cikin 1837, da mijinta Giɗaɗo, da Malam Mustafa mijin yayarta Hadizatu, da aminiyarta A'ishatu matar Bello. Amma ta yi wa waɗanda ba mai tarihin da zai kula da su. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima cikin 1844, tana yaba kirkinta da zumuncinta. Ta yi wa Zaharatu cikin 1857, matar da ke karɓar haihuwa, take wankan gawa, take kuma koyar da marasa sani. A 1858 kuwa ta yi wa wata jajinta mai suna Hauwa'u, ta shaide ta da cewa zafi ko damina ko hunturu ba su taɓa hana ta kamo hanya da ɗalibanta ba, ta kuma haɗa da addu'a ga sauran matan da ke wannan zirga-zirga saboda Allah. Da ba don wannan waƙa ba, da yau babu wanda ya san an yi wata Hauwa'u.

Abin da take yabo a cikin waɗannan waƙoƙi shi ne haƙuri da gaskiya da kyauta da amfanar da jama'a. Ko a kan Bello, halinsa da iliminsa da adalcinsa ta fi tsayawa a kai. Yabonta kuma yana da nauyi ne don ba kowa take yi wa ba. A ƙarshen rayuwarta, da aka tuɓe wani basarake na Yabo mai suna Ɗan Yalli saboda rashin kyautata mulki, ta yi waƙa tana nuna cewa an yi daidai.

RASUWARTA DA ALAƘARTA DA KANO

Ta ga zamanin Sarakunan Musulmi huɗu bayan mahaifinta, watau Bello, da Abubakar Atiku, da Aliyu Babba, da Ahmadu ɗan Atiku, ana jin maganarta a fadar kowannensu. Giɗaɗo ya riga ta rasuwa da fiye da shekara goma. Ba ta fasa karantarwa da rubutu ba har tsufa ya cim mata. Allah ya yi mata rasuwa cikin 1864 tana da shekara 71, aka rufe ta a Hubbare kusa da mahaifinta a Sakkwato.

Alaƙar gidan Shehu da Kano ta fuskar ilmi tsohuwa ce. Abdullahi ɗan Fodiyo ya zo Kano wajen 1807 da niyyar wucewa gabas, mutanen gari suka roƙe shi ya tsaya, ya karantar da su tafsiri, ya kuma rubuta musu Liya'ul Hukkami. Ƙanwar Asma'u kuwa, Maryamu, ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, shi ne wanda ya zauna ribaɗin Fanisau a arewacin birni sa'ad da yake fama da Ɗan Tunku. Bayan rasuwar Dabo Maryamu ta koma gida, kuma ita ce ta karɓi ragamar 'Yan Taru da Asma'u ta kau. Ana kiranta Uwar Daje, sarakunan Kano kuma suna girmama shawararta. Bayanta jagoranci ya ci gaba a hannun matan zuriyar, har Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903 ba su rushe shi ba, don ba a kan fada aka gina shi ba.

Rubuce-rubucenta sun tsira a ɗakin littattafan Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda jininta ne, ya rasu a 1997. A wurinsa ne wata Baturiya malamar makaranta, Jean Boyd, ta yi shekaru tana nazarinsu, ta fitar da tarihin Asma'u da Turanci a 1989, sa'an nan a 1997 ita da Beverly Mack suka buga ayyukanta a haɗe. Makarantun mata da yawa a Arewa an sa musu sunanta, haka ma ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano. Har a Amurka an sami Musulmi mata da suka kafa ƙungiya da sunan 'Yan Taru.

ABIN KOYI

To, jama'a, sa wa gini suna abu ne mai sauƙi, kuma ba shi ne gadon da ta bari ba. Gadonta yana ƙauye. Malamar da ke karantar da matan aure da dare a ƙasar Ɓagwai ko Makoɗa ko Tsanyawa, bayan ta gama suyar ƙuli-ƙuli ko dakan fura, aikin jaji take yi ko ta san sunan ko ba ta sani ba. Malamin allon da ke noma gonarsa da safe ya zauna da almajirai da yamma, abin da yake samu bai wuce kuɗin Laraba da ɗan damin hatsi da kaka ba, shi ma cikin wannan sahu yake. Haka malamin Islamiyya wanda albashinsa ke rataye da abin da iyayen yara suka iya tarawa a ƙarshen wata. Jihar Kano ta kafa hukumar ilmin manya tun 1980, amma kafin hukuma da bayanta, waɗannan bayin Allah ne ke riƙe da karatu a inda mota ba ta shiga da damina.

Asma'u ta nuna mana abu uku. Ta zaɓi malami bisa halinsa da aikinsa, ba bisa gidan da ya fito ba. Ta girmama shi a gaban mutanen da yake yi wa aiki, tun yana da rai. Ta kuma rubuta sunansa don na baya su sani. Babu ɗaya cikin ukun nan da ya fi ƙarfin hakimi ko dagaci ko mai unguwa, ko ƙaramar hukuma, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Ranar saukar Alƙur'ani, sa'ad da ake yi wa yara ado ana yanka rago, ba wani abu ba ne a tsayar da malaminsu a gaban taro, a yafa masa alkyabba, a ambaci shekarun da ya yi yana wannan hidima, a kuma dubi rumbunsa da rufin ɗakinsa. Yaro in ya ga ana girmama malami, shi ma zai so ya zama malami. In kuwa ya ga malaminsa ya tsufa cikin wulakanci, to, kada a yi mamaki in an wayi gari an rasa mai zama a buzun.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u da mahaifanta, ya jiƙan jajinta Hauwa'u da sauran waɗanda ba a rubuta sunayensu ba, ya kuma saka wa malamanmu na birni da na karkara da mafificin alheri, amin.